Biro Mai Igiya

Ranar Laraba, ƙarfe tara saura kwata,
iskar kogin Tay tana yankan kunne,
na danna ƙararrawar makarantar 'yata.
Ta bayan gilashi Madam Petrie ta ɗago kai
kamar yau ta fara ganina.

"Suna?"

Shekara huɗu ke nan ina zuwa.
Ni na yi wa katangar filin wasa fenti,
ni na jera kujeru ɗari ranar bikin Kirsimeti,
har ta ba ni shayi a kofinta mai tsagaggen baki.
"Suna," in ji ta, ta turo biro ɗaure da igiya,
sai ka ce shi ma biron ba a yarda da shi ba.

Fergus Ogilvie, baban Ailsa, aji uku.
Lokacin shiga. Dalilin zuwa.
Kati a wuya, kamar kayan da za a kai tasha.

A bakin ƙofa muke taruwa, mu 'yan sa kai,
kowa da tasa ta cikinsa.
Rhona ta kwana tana gasa kek,
aka mayar mata da shi ko yankawa ba a yi ba:
wa ya san ko da gyaɗa a ciki?
Tam bai raka yara ganin jirgin ruwa ba,
takardar shaidarsa ta ƙare da kwana biyu.
Waya a aljihu, ban da hoto.
Banɗakin yara ba hurumin iyaye ba ne
ko da naka ne ke kuka a ciki.
Ko sisi ba a biyanmu,
mun zo da hannu biyu, an tare mu da takarda.
Rhona ta raɗa mata suna Kwaɗo,
na ƙofa, ba na rafi ba.
Na yi dariya. Na fi kowa dariya.

Sai wata Laraba a Fabrairu,
wani yaro ya faɗi a matakala, haɓo ya ɓalle.
Ta suri akwatin magani, ta waiwayo:
"Fergus, zauna nan. Kada ka buɗe wa kowa."
Ashe ta san sunan.

Kujerarta ta yi mini ƙasa.
Daga nan ake ganin duk wanda ya doso,
amma fuska kawai, ba a ganin ciki.
Gefen wayar akwai wata ambulan a rufe,
an rubuta a kai da jan biro:
waɗanda ba a ba su yaro.
Ban taɓa ta ba.

Ƙararrawa.
Wani mutum da kwat mai tsabta da murmushi,
riƙe da ɗan kwanon abinci ruwan hoda.
"Yarinyata ta manta, minti ɗaya zan yi."
Na san shi. Yana shiga bas ɗin da nake tuƙawa,
yana gaishe ni kullum, bai taɓa rasa canji ba.
"Haba, ai ka san ni."
Yatsana yana kan maɓallin.
Ambulan tana gefen gwiwar hannuna, ta yi shiru.
A bayana yara ɗari uku suna rera lissafi.

Sai na ji bakina ya ce:
"Suna?"

Ta dawo da jini a hannun rigarta,
ta karɓi kwanon ta taga, ta yi masa godiya,
ya juya ya tafi.
Ko yana cikin ambulan, ko uba ne kawai mai sauri,
ba ta faɗa ba, ban tambaya ba.

Har yau ina ganin an zalunci kek ɗin Rhona.
Na faɗa wa shugabar makaranta, zan kuma faɗa.
Amma ran nan da na zura hula zan fita,
ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta:
"Ba ka rubuta lokacin fita ba."

Na dawo. Na jawo biron iyakar igiyarsa.
Sha ɗaya da minti bakwai.